Suwic Mai Baki Arba'in da Takwas

Shekara goma sha tara Baba Na-sani ya yi yana tuƙa motar wani kamfanin shimfiɗa wayoyi. Aikinsa ya kai injiniyoyi inda za su yi aiki, ya nemi inuwa ya kishingiɗa da rediyonsa, in sun gama ya mayar da su ofis. Amma tun ranar da ya yi ritaya labarin ya sake kama. In ka zauna da shi a ƙofar benensu sai ka ji, "Lokacin da muka ja kebul ta ƙarƙashin gada," ko "Ranar da muka haɗa asibitin nan da duniya." Bai taɓa buɗe baki ya ce shi injiniya ne ba, amma in ka kira shi haka, da sauri yake amsawa. Sunan Na-sani kuwa maƙwabta ne suka laƙaba masa, don ba mai kai magana ƙarshe a gabansa bai tare shi da "na sani" ba.

A hawa na uku yake zaune, shi da matarsa da autarsu. Ginin tsoho ne mai kaurin bango, wayar hannu ba ta kama sabis sai mutum ya zura hannu ta taga. Saboda haka da wani kamfani ya kawo intanet mai gudu unguwar, ya kafa wa kowane gida ɗan akwati mai fitilu a falo, kowa ya ji daɗi.

Ran Laraba da safe suna shan shayi, Auta ta kawo buƙatarta. Ta gama karatun zanen gine-gine shekara biyu ke nan tana neman aiki, sai yanzu wani kamfani ya sa mata ranar ganawa ta bidiyo, Asabar ƙarfe goma.

Ta ce, "Baba, intanet ɗin ba ya kaiwa ɗakina sosai, hoto sai ya riƙa tsayawa. Falo kuma ƙarar titi ta yi yawa. Kebul ɗaya nake so daga akwatin nan zuwa teburina, sai ɗan adafta, don kwamfutata ba ta da ramin..."

"Na sani."

"Ramin me, Baba?"

"Ramin da kike nufi." Ya ajiye kofi ya dube ta kamar ta zage shi. "Kebul ɗaya? A gidana? Mutane su ji an ce a gidan mutumin da ya ja waya ƙarƙashin kogi, kebul ɗaya tal aka shimfiɗa kamar igiyar akuya? Suwic zan sayo, akwatin da ke rarraba intanet. Ɗakinki layi, ɗakina layi, falo layi, baranda layi, kicin layi."

Matarsa ta ce, "Kicin kuma? Tukunya ce za ta yi hira da wa?"

"Maman Auta, ba ki san inda duniya ta dosa ba."

"Na dai san inda fankar ɗakinmu ta dosa. Tun da ka gyara ta, rufi take yi wa fifita."

Ya miƙe ya fara awo da taku, daga falo zuwa ɗakin Auta, yana ƙirgawa da ƙarfi. Tela, maƙwabcinsu na hawa na biyu, wanda ya mayar da falonsa shagon ɗinki, ya ji dirin ƙafa a kansa ya hau ya leƙo. Da ya ji abin da ake ciki ya zare tef ɗin awo daga wuyansa ya miƙa.

Na-sani ya ce, "Mayar da abinka. Ƙafata tef ce. Taku goma sha ɗaya, mita goma sha ɗaya."

"Injiniya, ai kebul ɗin bango zai bi, ya zagaye ƙofofi."

"Na sani. Na sa wannan a kaina."

Shagon kayan kwamfuta yana bakin babban titi, wata mata mai tabarau ce ke da shi, mai sanyin magana. Ta gaishe shi ta ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Suwic nake so, 'yata. Na manya."

"To, Baba. Na'ura nawa za a haɗa?"

"Duka."

Ta ɗauko wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba. "Wannan baki biyar gare shi, zai ɗauki duk gudun da kamfani ya ba ku, kuma ba ya ƙara ko kaɗan. Gida ɗaya ba ya buƙatar fiye da shi."

Na-sani ya juya shi a hannu kamar an ba shi kwalin ashana. Sai idonsa ya kai can saman kanta, kan wani dogon ƙarfe mai ƙura, bakuna jere a jikinsa sahu biyu kamar haƙoran kada.

"Wancan fa?"

"Daga wani ofis da ya rufe aka kawo shi. Baki arba'in da takwas. Amma tsohon yayi ne, Baba, gudunsa kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙaramin. Ga fankoki a cikinsa, ƙara gare su."

"Ƙara ai alamar ƙarfi ce. Kin taɓa jin tirela ta wuce shiru? Sauko da shi."

Aka zo kan kebul. Ta nuna masa waɗanda aka riga aka sa wa kai daga masana'anta, ta ce ya duba lambar da ke rubuce a jiki, mai lamba shida ya fi dacewa da irin gudun nan. Ya ce shi ba lamba yake saye ba, ya nuna wani naɗi ja a ƙasa.

"Ja ya fi gudu. Wannan ko yaro ya sani."

"Launi ne kawai, Baba. Kuma wannan ba shi da kai, sai an yanka an matse masa. Ƙananan wayoyi takwas ne a ciki, kowacce da gurbinta. Ka taɓa matse kai?"

"Na ga an matse dubu."

Ta rubuta masa jerin launukan a takarda, ya karɓa don kada ta ji kunya, ya cusa a aljihu. Da ta tambaye shi wane irin baki kwamfutar ke da shi, mai faɗi ko ɗan siriri, don ta ba shi adaftan da zai shiga, sai ya yi dariya.

"Baki baki ne, 'yata. Ba ni babban."

Da kansa ya rungumo suwic ɗin ya hau bene, yana hutawa a kowane hawa. Tela ya leƙo da allura a baki.

"Injiniya, injin jirgi ka sayo?"

"Ka jira Asabar. Za ka ga abin da kakanka bai gani ba."

Da aka jona shi a falo, fankokin suka ɗauka da wani gurnani, labule ya motsa. Maman Auta ta fito daga kicin a guje da ludayi a hannu, a zatonta injin wanki ne ya haukace.

"Haka zai riƙa yi?"

"Me?"

"Na ce haka zai riƙa yi?"

"Ba na jin ki! Kin ga ƙarfi ko?"

Ran Alhamis aka shimfiɗa kebul. Ya bi bangon falo, ya zagaye ƙofar kicin, ya zagaye ta banɗaki, ya zo daidai ƙofar ɗakin Auta ya ƙare. Tsakaninsa da teburinta sai an ƙara taku huɗu. Na-sani ya ja, ya sake ja, ƙusoshi uku suka fita daga bango.

Ya ce, "Matar nan ta tauye awo."

Auta ta ce, "Baba, a gabanka fa aka auna."

"To zafi ne ya tsuke shi. Ba komai. Injiniya ba ya zagaye, bango yake hudawa."

Ya aro injin huda bango wurin mai gadi, ya ƙwanƙwasa bangon falo da yatsa yana saurare kamar likita, ya ce nan ne daidai bayan teburin Auta. Ya danna. Ƙura ta tashi, ƙarfen ya nutse har gindi, sai aka ji wani abu ya tarwatse a ɗaya ɓangaren, wata murya kuma ta ƙwalla ƙara. Auta ta fito daga ɗakinta lafiya lau, ba ko ƙura a kanta.

Aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Nas ce, maƙwabciyarsu ta gefe, ta dawo daga aikin asibiti tana baccin gajiya. Ɗankwali a karkace, a hannunta ragowar agogon bango.

"Baba, ina kwance ƙarfe ya fito ta tsakiyar agogona! Ta tsakiyarsa!"

Na-sani ya dubi agogon, ya dubi ramin, ya gyara tsayuwa. "Alhamdu lillahi, ya fito inda na so. Hanya na buɗe miki, 'yata. Zan ba ki layi daga suwic ɗina, kyauta."

"Ina da nawa intanet ɗin, lafiyarsa ƙalau."

"Naki da nawa in sun haɗu, biyu ke nan. Ke ba ki yi lissafi a makaranta ba?"

Kafin ta sami amsa ya matsa gefen banɗaki ya sake dannawa. Wannan karon bango ne ya rama. Ruwa ya feso masa a fuska da ƙarfin da ya cire masa hula. Ya toshe da babban yatsa, ruwan ya bi ta hannun riga ya fita ta ƙafar wando. Maman Auta ta tara bokiti, Auta ta kwashe zane-zanenta ta hau kujera, Nas ta sauka a guje neman mai gadi ya rufe babban famfo. Ba a jima ba sai ga Tela ya hauro, yadin mutane jiƙe sharkaf a kafaɗarsa, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Injiniya, ruwa ake yi a shagona. A cikin ɗaki. Rana kuma na waje tana haskawa."

"Na sani."

"Ka sani? Kayan mutum bakwai ne a kan teburin nan!"

"Wanki ne da ma za a yi musu. Kai ma zan ba ka layi. Ta taga zan sauke maka."

Mai gyaran famfo ya zo ya fasa bango ya ɗaure bututun, ya bar rami da kai zai shiga. Da la'asar Na-sani ya koma shagon mai tabarau, takalminsa na kukan ruwa.

Ta ce, "Bai kai ba, Baba?"

"Ya kai har ya wuce. Aikin ne ya faɗaɗa. Ba ni naɗin gaba ɗaya."

Ran Juma'a aka shiga matse kai. Ya zauna a tsakiyar falo ya baza kaya, ya feɗe kebul, ƙananan wayoyi takwas suka fito kala-kala. Ya jera su yadda suka yi masa kyau a ido, masu haske gefe guda, masu duhu gefe guda. Ya matse ya soka a suwic, fitila ba ta kama ba. Ya yanke ya sake. Kai ashirin ya lalata, har kwandon shara ya cika da 'yan robobi. Daga nan ya ce cikinsa ya murɗa, ya shiga banɗaki ya kulle. Maman Auta tana wucewa ta ji shi yana karanta takardar mai shago ƙasa-ƙasa: "Fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi..." Ya fito yana gyara wando, ya ce yanzu ya tuno tsarin da suke yi a kamfani. Ya matse, fitila ta kama kore. Ya kira gida kaf su zo su gani.

Nasara ta hau masa kai. Ya ce gida mai irin wannan kaya dole ɓarayin intanet su yi masa caa, don haka ya shiga akwatin kamfani ya canza lambar sirrin da wayoyin gidan ke shiga da ita. Ya sa wata doguwa mai haruffa da lambobi da alamomi. Auta ta ce a rubuta, ya ce takarda ita ce ƙofar ɓarawo, a ƙwaƙwalwa injiniya ke ajiya. Minti goma bayan nan matarsa ta miƙo masa wayarta ya sa mata. Ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya dubi rufi yana motsa baki.

"Ka manta," in ji ta.

"Ban manta ba. Ƙarfinta ne ya kai har ni ta hana. Ai da ma kebul muke komawa."

Saura adafta. Aka kawo kwamfutar Auta, siririya kamar faranti, ramukanta 'yan mitsi-mitsi. Adaftan da ya sayo kansa ya ninka ramin biyu. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya fara dannawa da ƙarfi, Auta ta fizge kwamfutarta ta rungume. Ta ce bari ta je wurin mai tabarau ta canzo, ya ce ƙafarsa ƙafarta, matar nan ba za ta ga ɗan gidansa sau uku ba. Ya sauka wurin masu baza kaya a bakin titi ya sayo wani ɗan mahaɗi, aka zo shi ma sai da wani mahaɗin. Ya koma. A ƙarshe abu uku aka jona a jere, aka naɗe da salatif, suna lilo a gefen kwamfuta kamar jelar ƙadangare. Auta ta tokare su da littattafai biyu a kan teburinta, sai ga intanet ya shigo. Ba gudun kirki, amma hoto ba ya tsayawa.

Ta sami uwarta a kicin, ta jingina da firji. "Umma, in na rasa wannan ban san yaushe wani zai kira ni ba."

"Ki faɗa masa mana."

"Kin ga fuskarsa da fitilar nan ta kama? Rabon da in gan shi haka tun yana aiki."

Duk da haka ta je ta durƙusa kusa da shi. "Baba, yana aiki. Na gode. Don Allah kada a ƙara taɓa komai sai na gama."

Ya ce, "Na sani," yana shafa suwic ɗin.

Asabar ƙarfe tara ya sa manyan kaya, ya bi gida-gida yana gayyata, wai za a ƙaddamar. Tela ya zo, Nas ta zo da ƙanwarta, mai gadi ya zo, wani tsohon malamin makaranta daga hawa na huɗu ya sauko da sandarsa. Aka cika falo, Maman Auta ta ɗora shayi. Auta tana ɗakinta ta yi shiri tsaf, tana bitar zane-zanenta.

Na-sani ya yi jawabi, rabinsa ƙarar fanka ta cinye. Sannan ya ɗauko jan kebul ɗin da ya zura ta ramin agogo zuwa akwatin Nas, ya soka. Ya ɗauko wanda ya sauke ta taga zuwa akwatin Tela, ya soka. Ya ja baya ya duba. Baki arba'in da takwas, takwas kawai ke da kebul.

Mai gadi ya ce, "Sauran fa, Injiniya? Kamar bakin tsoho."

Aka yi dariya. Abin ya sosa masa rai. Ya waiga ya ga wani guntun kebul da ya rage, da kai a kowane gefe. Ya soka gefe ɗaya a baki na tara, ya lanƙwaso ɗaya gefen ya soka a baki na goma.

Malamin makaranta ya ce, "Wannan ina ya tafi?"

"Daga suwic zuwa suwic. Gudun zai fita ya zagayo ya sake shiga, kowane zagaye yana ƙaruwa. Sirrin kamfani ne, ba kowa muke nuna wa ba."

Nan take fitilun suka haukace. Duka suka shiga ƙyaftawa tare, da saurin da ido ba ya bi. Na-sani ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, kun ga gudu?"

Daga ƙarshen lungu muryar Auta ta taso: "Baba! Ya ɗauke!"

Nas ta duba wayarta. "Nawa ma ya ɗauke." Daga ƙasa matar Tela ta ƙwala kira ta matakala, wai zanen keken surfani da suke saukewa daga intanet ya tsaya a rabi, mai kaya kuma yana zaune yana jira.

"Ku kwantar da hankali, ɗumama yake yi."

Ƙarfe goma saura kwata. Auta ta fito daga ɗakinta. Ta ce a cire na maƙwabta. Na-sani ya durƙusa gaban suwic ɗin ya tsaya. Kebul tara, duka ja, ba wanda aka yi wa alama, sun cukurkuɗe a bayan kujera.

Tela ya ce, "Wanne ne nawa?"

"Jan."

"Duka ja ne!"

"To naka yana ciki."

Ya cire ɗaya, ya mayar, ya cire wani. Ya bi ɗaya da hannu har ya kai shi kicin. Ya bi wani, ya zagaya kujera sau biyu ya dawo hannunsa. Kowa ya shiga ba da shawara, malamin makaranta yana nuni da sanda, mai gadi yana cewa a hura masa iska. Saura minti biyar. Auta ta gwada shiga ba tare da kebul ba, akwati ya nemi lambar sirri. Ta dubi ubanta, ya dubi rufi.

Maman Auta ta fito daga kicin da butar lantarki. Ta ratsa taron, ta kama filogin suwic ɗin ta fizge daga soket, ta jona butarta.

Gurnanin da aka kwana uku ana ji ya mutu. Shirun har kunne ya yi wa mutane nauyi. Fitilun ɗan akwatin kamfani suka natsu. Wayar Nas ta yi ƙara, saƙonni suka shigo. Daga ƙasa aka ce, "Ya dawo!"

Auta ba ta tsaya godiya ba. Ta sunkuci kwamfutarta ta dire a kan teburin cin abinci, ta zare guntun kebul ɗin da ya fito daga akwatin kamfani daga jikin suwic, ta soka a jelar adafta. Ya shigo. Ta sake hannu, jelar ta lanƙwashe, ya ɗauke. Ta ɗaga, ya shigo. Littattafan tokarewa suna ɗaki, kira kuma ya fara shigowa a allo.

"Sai an riƙe! Wani ya riƙe min!"

Wanda ya fi kusa shi ne Na-sani. Da manyan kayansa ya faɗa ƙarƙashin tebur, ya zuro hannu ta gefe ya tallafi jelar da yatsu biyu. Auta ta gyara mayafi ta amsa. Mutum uku suka bayyana a allo, mace ɗaya da maza biyu.

Ƙofar fita tana bayanta, duk wanda ya nufe ta sai kyamara ta ɗauke shi. Don haka maƙwabta suka jeru a jikin bango suka zauna a ƙasa, ba mai motsi. Dukansu suna kallon abu ɗaya: Baba Na-sani a dunƙule ƙarƙashin tebur, hula a karkace, hannu a sama, baki a rufe. Tela ya raɗa wa mai gadi cewa shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka bai taɓa ganin leɓɓansa a haɗe ba.

Minti goma, hannunsa ya fara rawa, ya tallafe shi da ɗayan. Minti ashirin, ƙafarsa ta dama ta mutu. Ƙurar siminti da ta taru ƙarƙashin teburin ta shiga hancinsa, ya fara jan numfashi, idanu na lumshewa. Nas ta rarrafo kamar mage ta matse masa hanci, atishawar ta fashe a ciki, hawaye suka zubo masa.

A sama kuwa Auta tana ta bayani, muryarta ba rawa. Ta yi maganar yadda za a juya tagogi iska ta ratsa gida, da inda ya kamata bututun ruwa ya bi a cikin bango don kada mai huda ya same shi. Tela ya cusa hularsa a baki. Na-sani yana jin 'yarsa tana amsa tambaya bayan tambaya, ƙirjinsa ya cika fal. Da ɗaya daga cikin mazan ya yi wata tambaya mai wuya kan nauyin rufi, bakinsa ya buɗe da kansa, matarsa ta taka masa gefen riga ta zare masa ido. Ya rufe.

Minti arba'in cif. Matar ta ce sun gamsu, za su yi shawara. Sai dattijon cikinsu ya matso kusa da kyamara.

"Kafin mu rabu, tun safe muke fama da masu yankewa. Ke kuwa hotonki tas, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Wa ya haɗa miki intanet ɗin nan?"

Maman Auta ta kai hannu, amma ta makara.

"Ni ne!"

Ya miƙe ya manta akwai tebur a kansa. Ƙwam! Teburin ya ɗaga, kofuna suka tarwatse, kwamfuta ta zamo Auta ta cafke ta a iska. Kansa ya ɓullo tsakaninta da allo, fuska fari fat da siminti, hawaye sun ja layi biyu, baki a buɗe zai fara jawabi. Jelar adafta ta rabu gida uku. Allo ya daskare.

Auta ta zauna a hankali ta rufe fuska da tafin hannu. Na-sani ya tsaya dafe da ƙeya, ya dubi guntayen adafta a ƙasa, ya dubi 'yarsa. Ya durƙusa ya fara tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya.

"Auta," ya ce a hankali, "ki yi haƙuri, uwata."

Wayarta da ke kan taga ta yi ƙara. Ta tashi da ƙyar, ta zura kai waje inda sabis yake, ta sa a bayyane. Muryar matar da ke cikin masu ganawar ce, dariya na neman hana ta magana.

"Kada ki damu, mun riga mun gama. Ki zo ofis ranar Litinin da takardunki, mun ɗauke ki. Wannan mahaifinki ne? Har yanzu fuskarsa na nan cike da allonmu, mun rasa yadda za mu cire ta. A gaishe shi, kuma a sa masa ƙanƙara a kai."

Falon ya kaure. Nas ta rungume Auta, mai gadi yana tafi, Tela ya kwanta a ƙasa yana dukan tabarma, malamin makaranta yana share hawaye da hannun riga. Auta ta zo ta kama hannun ubanta ta tashe shi, tana kuka tana dariya. Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya laluba ya gyara hula a kan ƙullutun da ya fara tasowa.

"Kun dai ji da kunnenku. Ko sau ɗaya bai tsaya ba."

Ran Litinin ma'aikacin kamfanin intanet ya zo ya soka tsinke a wani ɗan rami a bayan akwati, tsohuwar lambar sirri ta dawo. Auta ta biya ta shagon mai tabarau a hanyarta ta dawowa daga ofis, ta shigo da kebul ɗaya mai lamba shida da adafta ɗan siriri, ta haɗa kafin shayi ya tafasa. Na-sani ya tsaya a kanta yana gyaɗa kai, ya ce haka ya so a yi tun farko, matsin lambar maƙwabta ne ya faɗaɗa aikin.

Jan kebul kuwa ya yi yawa, ba inda za a kai shi. Maman Auta ta hau da shi rufin bene ta ɗaure daga wannan ƙarfe zuwa wancan, sahu shida, duk gidajen ginin suka samu. Da yamma ya hau ya same ta tana shanya barguna, iska na kaɗa su, kebul ko lanƙwasa bai yi ba. Ya ja shi da yatsa ya saki, ya yi ƙara kamar tsirkiya.

"Kin ga inganci? Bargo huɗu jiƙaƙƙu, ko gezau."

Ta cire abin maƙale kaya daga bakinta. "Gaskiya, Baban Auta. Shekara talatin da aurenmu, ba ka taɓa sayo min igiyar shanya mai kyau irin wannan ba."

Ya gyara tsayuwa, ya leƙa ƙasa ya ƙwala wa Tela kira ya hauro ya ji da kunnensa.